Yabon Kai

Daren Laraba, a kicin ɗinmu na Sheffield,
Suwaiba ta ture kwanon tuwo gefe,
ta ɗora tabaran uwarta a karan hanci.
Shekararta goma sha ɗaya, yau ita ce manaja.
"Baba, faɗa mana, don me za mu ɗauke ka?"

Na ce, in Allah ya yarda zan yi bakin ƙoƙarina.
Ta buga cokali a tebur: "Ka faɗi!
Nan ba a cewa bakin ƙoƙari. Cewa za ka yi ka iya.
Kuma ka bar kallon ƙafarka, ba can aikin yake ba."

Ni da na tashi ina jin yabon kai jahilci,
ni da na shekara tara a Panteka
ina miƙa wa Oga Sallau sifana
ban taɓa sanin launin ƙwayar idonsa ba,
yau 'yar cikina ke koya mini zare ido.

Sau bakwai muka maimaita.
Na goge riga, na sake gogewa, wuyanta ya ƙi kwanciya.
Baƙin man da ke ƙarƙashin farcena
na bi shi da tsinken sakace,
ya ce shi ɗan gida ne, ba inda za shi.

Da safe ruwa, irin nasu,
marar tsawa, marar zuciya,
bai zo ba, bai kuma tafi ba.
Na isa garejin bas da sauran minti arba'in,
na zaga layin sau uku kada a ce na ƙagu,
na karanta abin da ya sawwaƙa
a gindin wata bishiya da ban san sunanta ba.

Mutum uku a bayan tebur. Ruwa a kofin roba.
Ta tsakiyar, mai furfura,
ta kira Tanimu, ta karya shi gida biyu,
ban gyara mata ba.
Na dubi idonta. Shuɗi ne.
Ban mutu ba.

Suka ce in ba su labarin ranar da na yi kuskure.
Suwaiba ba ta kawo wannan ba.
Na ce, wata Asabar na bar noti ɗaya ban ɗaure ba
a tayar wani mai kai doya Kano.
Sai da na kwanta abin ya faɗo mini.
Na ari babur, ko hula babu,
na cim masa a Mararrabar Jos yana shan shayi.
Tun ran nan nake ƙirga noti da baki
kamar mai jan carbi.
Na hagun ya rubuta wani abu. Mai tsawo.

Sai ga wata bas ta shigo ta bayan taga,
tana wani siririn kuka ƙarƙashin rugugin inji.
Turancina ya tsaya, kunnena ya wuce gaba.
Na ce, ku gafarce ni, waccan bel ɗinta ya saki,
in an bar ta haka ba za ta ga Lahadi ba.
Na daman ya miƙe, ya leƙa, ya daɗe,
ya dawo yana sosa ƙeya:
tun Litinin direban ke ƙorafi.

Nan na ɗaga kai, na ce da su,
wannan aikin na iya shi.
Harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki na wani,
amma ya fita, kuma rufin bai rufto ba.

Ran Juma'a, ina ɗaurayar tukunya, waya ta yi ƙara.
Da hannu mai kumfa na ɗauka.
Uwar Suwaiba ta rangaɗa guɗa
har karen maƙwabta ya amsa.
Ita kuwa manaja ta miƙo tafi:
ladan koyarwa, fam biyar, ba ragi.

Sun ba ni takalmi mai ƙarfe a baki,
lamba arba'in da uku, yana ɗan matse ni.
Ki yi haƙuri, Suwaiba,
tun safe nake kallon ƙafata.